Ga ƙannenmu na Katsina da suka sauka Turkiyya karatun injiniyan gine-gine

Yaro daga Katsina ko Daura idan ya samu gurbin karatu a Turkiyya, abin da ya fi damun mutanen gida shi ne abinci da sanyi. Abinci ba matsala ba ne, ƙasar Musulmi ce, naman yanka ne, sai dai ka tafi da yajinka da kukarka domin miyarsu ba ta da kaifi. Sanyi kuwa gaskiya ne. Hunturunmu da ake hura wuta a ƙofar gida wasa ne a kan na Ankara, balle Erzurum. Kada ka sayi rigar sanyi a Babbar Kasuwa ka ɗauka ka gama shiri, bari sai ka isa ka sayi tasu, da takalmin da ruwa ba ya ratsawa.

Abu biyu ka kula da su tun makon farko. Na ɗaya takardar izinin zama, wadda suke ce wa ikamet. Ofishin ɗaliban waje na jami'arku zai nuna maka hanya, kada ka bari wa'adin bizarka ya ƙure. Na biyu wayarka. Wayar da aka shigo da ita daga waje, idan ka sa mata layin ƙasar, bayan kwana 120 za a toshe ta sai an yi mata rajista, kuɗin rajistar kuma yakan fi kuɗin wayar kanta. Da yawa sukan haƙura su sayi wata a can.

Shekarar koyon harshe ita ce mutane ke rainawa, ita ce kuma ke kayar da su. Wanda ya tafi ta gurbin gwamnatin Turkiyya zai yi shekara guda yana Turkanci kafin ya taɓa karatun injiniya, ko da kuwa jami'arsa da Ingilishi take koyarwa, irin ODTÜ ta Ankara ko Boğaziçi ta Istanbul. Wasu sai su mayar da shekarar hutu, su tare a ɗaki ɗaya da 'yan gida ana hira da Hausa har asuba. Ni dai ban hana zumunci ba, amma ka sani Turkancin sayen burodi daban, na aji daban. Ranar da malami ya juya baya yana zana katako a allo yana bayanin inda nauyi ke lanƙwasa shi, ba zai tsaya jiran kowa ba. Tun kana ajin harshe ka samo littafin lissafi da na fiziks na 'yan sakandarensu, ka riƙa bi. Darussan ka san su tun WAEC, sunayen ne baƙi. Ka kuma lura da yadda suke rubuta lamba: inda muke sa ɗigo su waƙafi suke sawa, biyu da rabi 2,5 ne, dubu ɗaya kuma 1.000. Ƙaramin abu ne, amma yana cinye maki a jarrabawa.

Digirin shekara 4 ne, ba 5 ba kamar na gida. Kowane zango akwai jarrabawar tsakiya da ta ƙarshe, kuma ana ƙirga halartar aji. Wanda ya cika fashi ba ya ma shiga jarrabawar ƙarshe. Juma'a ranar aiki ce, don haka ka duba jadawalinka da wuri ka san masallacin da ya fi kusa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Duk abin da za a koya maka an gina shi ne a kan tsoron girgizar ƙasa. Ƙasar ta sha wuya a 1999 a yankin Izmit, ta sake sha ranar 6 ga Fabrairun 2023 a Kahramanmaraş, inda aka rasa rayuka sama da 50,000. Shi ya sa dokar gininsu ta 2018 ba ta yarda da kankaren da ƙarfinsa bai kai matakin da ake kira C25 ba a ginshiƙi da dakin, wato rufin kankare, shi ya sa kuma za ka ga rodi kamar an zuba shi kyauta. Idan aka kai ku wurin aiki, tsaya kusa da mai ɗaurin rodi ka kalli zoben da yake sa wa ginshiƙi. Bakin zoben ba ya tsayawa a kusurwa kamar yadda namu ke yi, sai ya lanƙwaso shi ciki zuwa digiri 135, sa'annan kusa da mahaɗar ginshiƙi da bim, wato dogon kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai, ya matse zobban kusa da juna. Tambayi dalili. Wanda ya fahimci dalilin shi ne injiniya. Wanda ya haddace lambar dokar kawai, ranar da ya dawo gida aka miƙa masa BS 8110, dokar ginin kankare ta Ingila, wadda ofisoshinmu da yawa ke aiki da ita har yau, sai ya tsaya kallon takarda.

Mu a Katsina ƙasa ba ta girgiza mana. Abokan gabarmu rana ce da ruwa. Kankaren da aka zuba a watan Afrilu, ko cikin iskar hunturu, yana bushewa kafin ya nuna, ya tsattsage, in ba a dage da ba shi ruwa ba. A can mota ce ke kawo kankare a kwaɓe daga kamfani, da takardarsa, a ɗebi samfuri a matse a kwana 7 da kwana 28. A nan za ka tarar da leburori da shebur da kwano, buhun siminti mai kilo 50, ana ƙirga siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, mai gida kuma yana tsaye yana roƙon a ƙara yashi. Saboda haka darasin kayan gini da na nazarin ƙasa da na ruwa, waɗanda ɗalibai ke wucewa da gudu don su kai ga zanen benaye a kwamfuta, su ne za su ciyar da kai. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018 ta nuna abin da ruwan dare ɗaya ke yi idan bai samu hanya ba. Kwalbati da magudanar ruwa da madatsai irin na Zoɓe da Jibiya, da layin dogon da zai tashi daga Kano ya bi ta Daura da Katsina zuwa Maraɗi, nan aikin yake. Idan lokacin zaɓen darussa ya zo a aji uku da huɗu, ka tuna da wannan.

Za a tilasta maka aikin koyo a lokacin hutun bazara, galibi ɗaya a wurin gini ɗaya a ofis. Kada ka nemi wanda zai buga maka hatimi kana kwance. Sa hular kwano ka fita, ka sha shayi da kafintoci da masu rodi, ka girmama babban magini kamar yadda za ka girmama Sarkin Magina a gida. In jami'arku ta amince, yi ɗaya daga cikinsu a Najeriya.

Sai maganar takardu. Tun yanzu ka bincika ko sashenku yana da amincewar MÜDEK, hukumar da ke tantance karatun injiniya a can. Ka adana sakamakon kowane zango, da takardar shigarka jami'a, da tsohon fasfo ko ya ƙare, domin hatiman shiga da fita da ke cikinsa ana neman su. Idan ka dawo, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance digirinka kafin ka tafi bautar ƙasa, bayan ka yi wasu shekaru kana aiki kuma ka nemi rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya. Kafin ka baro can, karɓi kwafin digirinka da na sakamakonka da Ingilishi, masu hatimin jami'a, domin nemo su daga Katsina wahala ce babba.