Yadda ake tafiya kallon wasan waje a jirgin ƙasa a Ingila, daga Landan zuwa Newcastle

Mai goyon bayan Arsenal da ke zaune a Landan, ko ɗalibi ne ko ma'aikaci, idan ya yi niyyar bin ƙungiyarsa zuwa filin St James' Park da ke Newcastle, abu uku ne za su ci masa lokaci: tikitin shiga fili, tikitin jirgin ƙasa, da kuma wurin da zai zauna ya ci abinci kafin a take wasa. Jerin da aka bi wajen shirya su shi ne yake raba wanda ya tafi cikin sauƙi da wanda ya yi asarar kuɗinsa.

A fara da tikitin wasa. Tikitin ɓangaren baƙi ba a wurin masu masaukin baƙi ake sayensa ba, ƙungiyar da mutum yake goya wa baya ce take rabawa, kuma manyan ƙungiyoyi suna fifita waɗanda suka tara maki ta hanyar yawan zuwa wasannin waje. Dokar gasar Firimiya ta tanadi kujeru 3,000 ga baƙi a manyan filaye, kuma tun kakar 2016 zuwa 2017 aka ƙayyade farashin tikitin baƙo a fam 30. Wanda bai samu ba kada ya yi gigin saye a hannun masu talla a bakin fili, domin sayar da tikitin ƙwallo ba da izini ba laifi ne a dokar ƙasar tun 1994. Haka nan wanda ya shiga cikin 'yan gida ya yi murnar ƙwallon baƙi, fitar da shi za a yi ba tare da dogon zance ba.

Bayan tikitin wasa ya shiga hannu, sai a dakata kaɗan kafin a sayi na jirgi. Ranar da aka rubuta a jadawalin farkon kaka ba ita ce tabbatacciya ba, saboda gidajen talabijin na Sky da TNT Sports suna ɗauke wasa daga ƙarfe uku na yammacin Asabar su mayar da shi Lahadi, ko daren Litinin, kuma wasa tsakanin Newcastle da Arsenal yana cikin irin waɗanda suke kwaɗayin nunawa. Matsalar ita ce tikitin jirgi mai araha, wanda ake kira Advance, yana fitowa ne makonni da dama kafin ranar tafiya, farashinsa kuma yana hawa ne gwargwadon yadda kujeru suke ƙarewa, don haka mai gaggawa yana iya saya da arha ya tarar an ɗage wasa, mai jinkiri kuma ya biya ninki biyu. Abin da ya fi dacewa shi ne a zuba ido kan sanarwar lokacin wasa, da zarar ta fito a sayi tikitin a ranar.

Jiragen Newcastle daga tashar King's Cross suke tashi, kuma tafiyar takan ɗauki kimanin awa uku, ta bi ta York da Darlington da Durham. Kamfanin LNER ne ke da mafi yawan jiragen, sai kuma Lumo wanda ya fara aiki a 2021, kuma sau da yawa ya fi araha. Tikitin Advance na jirgi ɗaya ne tak, idan ya wuce ka sai dai ka sake saye. Tun 2024 LNER ya fito da wani tikiti a wannan layin mai suna 70min Flex, wanda yake ba da damar hawa jirgin da ya tashi minti 70 kafin naka ko bayansa, kuma a ganina ɗan ƙarin kuɗin da ke kansa ya cancanta a tafiyar dawowa, tunda babu wanda ya san minti nawa alƙalin wasa zai ƙara. Ɗalibi ko matashi ya nemi katin rangwame na 16-25 Railcard, abokai biyu masu tafiya tare kuma su nemi Two Together, dukansu suna rage kashi ɗaya bisa uku na kuɗin. A duba shafin National Rail, mai bayanan jiragen ƙasa na ƙasar, kafin a biya, domin a ƙarshen mako ne ake yawan gyaran layin dogo, a sauke fasinja a tsakiyar hanya a saka su a bas.

Daga babbar tashar Newcastle zuwa fili tafiyar ƙafa ce ta minti goma zuwa sha biyar, da ɗan hawa, kuma filin a tsakiyar gari yake, ana hango shi daga nesa. Wannan kusancin ne ya sa batun mashaya yake bukatar lura.

Mashaya a Ingila ranar wasa wurin haɗuwar magoya baya ce, a nan ake cin abinci, a kalli wasan rana a talabijin, a fake daga sanyi. Wanda ba ya shan giya yana iya karɓar lemo ko shayi, babu mai kallonsa, wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da zama a irin wurin ba, gidajen abinci da na gahawa sun cika kewayen tashar. Abin da ya wajaba kowa ya sani shi ne mashayu a rabe suke a ranar wasa. Waɗanda ke daf da fili na 'yan gida ne, kamar The Strawberry da ke kallon St James' Park, kuma bai kamata baƙo ya nufe ta da jar riga a jikinsa ba. A ƙofar irin waɗannan wurare akan sa masu gadi da ke neman ganin tikitin mutum, idan na ɓangaren baƙi ne su mayar da shi. Baƙi sun fi taruwa a kewayen tasha, inda akwai irin su The Centurion a cikin ginin tashar kanta, wadda a da ɗakin jiran fasinjojin babban aji ce, bangonta duk tayil na ado. Tsarin yakan canja daga wasa zuwa wasa, don haka a karanta bayanin da ƙungiya take fitarwa ga matafiya kwanaki kaɗan kafin wasa, ko a tambayi ɗan sanda a bakin tasha, su ne suka fi kowa sanin inda aka ware wa baƙi. Rigar ƙungiya kuwa a rufe ta da rigar sanyi har sai an isa ƙofar shiga.

A bar wurin zama aƙalla minti arba'in da biyar kafin a take wasa. Ana ajiye baƙi ne a can ƙololuwar ɓangaren Leazes, kuma sai an taka matakala kusan 140 kafin a isa, ga binciken jiki da layi a ƙofa. Wata dokar ƙasar ta 1985 ta hana shiga fili a buge, ta kuma hana shan giya a inda ake hango filin wasa, saboda haka abokin tafiyar da ya wuce gona da iri zai iya kwana da tikitinsa a aljihu. Musulmi kuma ya yi lissafin salla tun a jirgi, domin a watan Disamba rana tana faɗuwa a Newcastle kafin ƙarfe huɗu, wato wasan ƙarfe uku yana haɗiye ƙarshen la'asar da farkon magariba. Ya tambayi ma'aikatan fili ko akwai ɗakin ibada tun yana shiga.

Wajen dawowa, a ba da tazarar aƙalla awa ɗaya tsakanin tashi daga wasa da tashin jirgi, domin saukowa daga wancan bene cikin cunkoso yana cin lokaci. Idan wasan na ƙarfe takwas na dare ne, sai kusan goma za a tashi, kuma galibi jirgin ƙarshe mai zuwa Landan kai tsaye ya riga ya wuce, don haka a kama ɗakin kwana tun ranar da aka sayi tikitin jirgi, kafin farashin otal ya tashi. Idan kuma jirgin LNER ya makara da minti 30 ko fiye, a adana tikitin a cike takardar neman diyyar jinkiri, wato Delay Repay, a shafin kamfanin, za a mayar da rabin kuɗin wannan tafiyar, idan jinkirin ya kai awa ɗaya a mayar da shi duka.