Yadda za ka shiga tseren ƙananan jiragen ruwa na iska ba tare da ka rikice ba

In wannan ne karonka na farko a gasar ƙarshen mako, to ka cire maganar zuwa na ɗaya daga ranka tukuna, abin da nake so ka riƙe shi ne tashi. Wallahi yawancin tseren nan tun a mintuna biyar na farko ake cinye shi ko a zubar, ko kana kan jirgin Optimist irin na yara ko ILCA wanda da ake cewa Laser ko 420 mai mutum biyu, duk labarin ɗaya ne.

Ka iso da wuri ranar Asabar, ka yi rajista, ka karɓi takardar ƙa'idojin gasar ka zauna ka karanta ta da gaske, don a ciki ne aka faɗi yadda za a zagaya alamomin da ke kan ruwa da sau nawa, kuma kar ka kuskura ka tsallake taron da alƙalai ke yi da matuƙa kafin a sauka ruwa. Ka duba igiyoyi, ka duba toshiyar ramin da ruwa ke fita, rigar ceto a jiki tun daga gaɓa, ruwan sha a daure cikin jirgi.

Yanzu tashi. Layin tashi yana tsakanin jirgin alƙalai da wata alama mai yawo a ruwa. Saura minti 5 za su ɗaga tutar rukuninku tare da oda ɗaya, nan za ka danna agogonka. Saura 4 sai a ɗaga tutar shiri, galibi shuɗiya mai farin murabba'i a tsakiya, saura 1 a sauke ta da doguwar oda, sifili kuma a sauke tutar rukuni, an tafi. Kafin duk wannan ka je tsakiyar layin ka fuskantar da hancin jirgi cikin iska tsaf, ɓangaren da hancin ya fi karkata zuwa gare shi to shi ne ya fi riba. Amma fa nan kowa zai cunkushe, ni shawarata ga sabo ya ɗan ja gefe kaɗan inda akwai sarari, don ka tashi da gudu cikin iska mai tsabta ya fi ka samu wuri mai kyau kana tsaye jirage sun rufe ka. Saura daƙiƙa 10 ka ja igiya ƙyallen da ke kama wa jirgi iska ya cika, ka haye layi kana tafe. In ka haye layi kafin odar tashi za a ɗaga farar tuta mai shuɗin gicciye, dole ka koma bayan layi ka sake tashi, in ba haka ba tseren nan ka yi shi a banza.

Jirgi ba ya tafiya kai tsaye cikin iska, iyakacinsa ya kusance ta da kamar digiri 45, shi ya sa ake hawa a karkace ana juyi hagu da dama. Ka kalli 'yan zarurrukan da ke manne a ƙyalle, in na ciki da na waje duka sun miƙe baya to kana daidai. In iska ta sauya ta tilasta maka kauce wa alamar da kake nufi, ka juya. In wani yana gabanka yana ɓata maka iska, shi ma ka juya ka bar inuwarsa, kar ka zauna kana bin sa kamar jela.

Dokokin World Sailing, hukumar tseren jiragen ruwa na iska ta duniya, ake bi, duk shekara huɗu ake sabunta su, littafin da kauri amma huɗu sun ishe ka a yanzu. Wanda iska ke bugowa ta hagunsa shi zai kauce wa wanda take bugowa ta damansa. In duk ta gefe ɗaya take zuwar muku, wanda ke sama wajen iska shi zai ba na ƙasa hanya. Na baya ya kauce wa na gaba. A wajen alama kuma, in an shiga tazarar tsawon jirgi 3 wani yana tsakaninka da alamar kun jera, ka ba shi wurin zagayawa ko da ranka bai so ba.

Ka taɓa alama? Ka fita gefe ka yi juyi cikakke sau ɗaya. Ka tare wa wani hanya ko kun gogu laifinka ne, sau biyu. Ka yi shi nan take don Allah, ya fi a zauna da kai gaban kwamiti da yamma a soke maka tseren gaba ɗaya.

In kun kife kar ka saki jirgi, ka sassauta igiyar ƙyalle, ka zagaya ka hau kan allon nan da ke fitowa ta ƙasansa ka jingina baya da nauyinka, zai tashi. Ka hau ka ci gaba, domin lissafin maki na ɗaya 1 ne, na biyu 2, mai mafi ƙanƙanta shi ya ci, kuma yawancin gasa in an yi tsere da dama ana yafe maka mafi muni guda ɗaya. Da yamma ka wanke jirgi, ka nemi wanda ya zo na ɗaya ka tambaye shi dalilin da ya sa ya bi gefen da ya bi, ranar Lahadi ka gwada.