Yadda na koyi kaɗa garayar Turawa a Agege bayan na haura arba'in

A wurin bikin wani abokin aikina a Ikoyi na fara ganin haf ido da ido. Wata baiwar Allah ta jingina ta a kafaɗa tana kaɗawa, jama'a na ta cin shinkafarsu, ni kuwa cokali ya tsaya mini a hannu. Garayar Turawa nake kiranta, ko da yake ba ta da wuyan da ake danne tsirkiya a kai irin na garayarmu, kowace tsirkiya muryarta ɗaya. Da na gaya wa uwargida zan saya, sai ta ce, "Baban Amira, da furfurarka za ka koma maroƙi?" Na ce mata gemu ba ya hana ilimi. Shekara uku ke nan, ga abin da zan gaya wa duk babban da ke sha'awa.

Kada ka sa ido a kan irin wadda na gani a bikin. Wannan ita ce babbar, mai tsirkiya 47 da feda 7, nauyinta ya kusa kilo 40, kuɗinta kuwa na mota ne. Mai koyo ƙaramar yake nema, mai 'yan libobi a sama waɗanda ake ɗagawa da yatsa don a ɗan ɗaga muryar tsirkiya. Tawa mai tsirkiya 26 ce, ta hannu, wani ɗan'uwa ya taho mini da ita daga Ingila. Idan aljihu zai ɗauka, mai 34 ta fi, don hannun hagu zai samu wurin sakewa. Masu suna a ƙirarta su ne Salvi na Italiya, Camac na Faransa, da Lyon & Healy na Amurka. Akwai kuma masu araha da ake tallarsu a intanet, an zuba musu zane kamar ƙofar fada. Na taɓa ɗaya a gidan wani, rabin libobinta ba sa kamawa. Araha ba ta ado.

Sai maganar tsirkiya, kuma a nan Legas take da nata hukunci. Ka nemi ta nailan, ka guji ta hanjin dabba. Laimar garin nan tana cin ta hanji, da damina sai ka ji tas cikin dare, ta tsinke ba wanda ya taɓa ta. Na ƙasan masu kauri, waɗanda aka naɗe da waya, tsatsa ce abokiyar gabarsu, don haka nake goge su da busasshen ƙyalle duk na gama. Ban da ajiye ta bakin taga, ban da saitin na'urar sanyaya ɗaki. A kawo wuta ɗaki ya yi sanyi, a ɗauke ya koma zafi, katako yana miƙewa yana tsukewa, murya tana gocewa. Da hunturu ya shigo a Disamba kuma sai ta sake hali gaba ɗaya.

Shi ya sa nake cewa saita murya shi ne darasin farko, kafin kowace waƙa. Kullum ake yi. Ka sauke manhajar saita kiɗa a waya, ka sauke libobi duka ƙasa, ka ɗora makulli a kan ƙusar tsirkiya da hannun dama, hagu yana kaɗa ta. Murɗawa kaɗan-kaɗan, kamar mai rage wutar risho. Ka tabbata tsirkiyar da kake kaɗawa ita ce makullin yake kai. Ni a makon farko na yi ta murɗa maƙwabciyarta ina mamakin me ya hana murya tashi, har ta tsinke ta tsula mini a bayan hannu. Da farko minti 20 yake cina, yanzu 3. Sabuwar tsirkiya takan yi mako biyu tana saki kafin ta zauna, ba lalacewa ba ce.

Launi ne taswirarka a jerin muryoyin do-re-mi-fa: duk jar tsirkiya do ce, duk shuɗiya ko baƙa fa ce, sauran ka ƙirga daga nan.

Zama kuwa, a bakin kujera, garaya ta jingina a kafaɗar dama, gwiwar hannu a ɗan ɗage. Yatsu huɗu ake aiki da su, ɗan ƙaramin yatsa ba ya kaiwa, ɗan kallo ne. A yanke farce ƙwal, da tsokar kan yatsa ake kaɗawa. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne rufe hannu. Babban yatsa yana sama, sauran suna kallon ƙasa, kana kaɗawa sai yatsan ya faɗa cikin tafin hannu gaba ɗaya, babban kuma ya kwanta a kan manuniya. Mu da muka saba latsa kwamfuta sai mu riƙa tsakurar tsirkiya kamar kaza na tsattsagar hatsi, murya ta fito siririya. Malamata, wadda muke darasi ta bidiyo duk Asabar, ta sa na yi wata guda ina wannan kaɗai a kan tsirkiya huɗu. Na ji haushi a lokacin. Ita ce kuma ta koya mini in ɗora duk yatsun a mazauninsu kafin in kaɗa na farko. In kana son malami ido da ido, ka fara tambaya a cibiyar kiɗa ta MUSON da ke Onikan.

Yatsu za su yi bororo, kada ka fasa shi, ka huta kwana biyu, kanta za ta fito. Lokaci ma sai ka ƙwato shi. Wanda ya taso daga Apapa ya sha gosulo har Agege ba shi da sauran hannun kiɗa da dare. Ni minti 15 nake yi da safe kafin in fita, ya fi mini awa uku ranar Lahadi amfani.

Ka sa a haɗo maka da cikakken saitin tsirkiya na ajiya tun ranar saye, don ni ban taɓa dacewa da su a shago a nan ba. Na taɓa jiran guda ɗaya mako shida, ina tsallake gurbinta kamar mai giɓi. In za ka sa ta a mota kuma, ka kwantar da ita a kan bargo, ɓangaren libobi yana kallon sama.