“A Kira Mana Babban Likita”: Kurakuran da Muke Yi Kan Matakan Likitoci a Asibitocin Kaduna

A daren da muka kai ƙanin mahaifina wani asibitin gwamnati a nan Kaduna, cikinsa ya kumbura yana ta amai, wata matashiyar likita ce ta fara duba shi. Ta danna cikin, ta saurara, ta ce hanjinsa ya toshe kuma akwai yiwuwar sai an yi masa aiki kafin gari ya waye. Yayana ya dube ta ya ce, “Sista, don Allah ki kira mana babban likita, ba ma son a koyi aiki a kan Baffa.” Ta amsa cikin natsuwa cewa ita ce likitar tiyata da ke bakin aiki a daren, kuma ta riga ta yi magana da shugaban sashensu ta waya. Duk da haka sai da muka ɓata fiye da awa guda muna kai-kawo kafin a sa hannu a takardar amincewa. Ita ɗin ce ta yi aikin, Allah ya ba da sa'a, amma har yau ina tuna cewa jinkirin nan daga gare mu ya fito.

Babban kuskurenmu shi ne ɗaukar duk likitan da bai kai matakin kwansaltan ba, wato babban likitan da ya kammala ƙwarewa a fanninsa, a matsayin ɗan koyo, kuma harshe yana da hannu a ciki. Gidajen rediyo suna kiran waɗannan likitoci “likitoci masu neman ƙwarewa”, fassarar da ba ta saɓa wa gaskiya ba, sai dai a kunnen mai sauraro wanda yake neman abu bai same shi ba tukuna, don haka sai a ɗauka hannunsu bai faɗa ba. Abin da suke nema shi ne shaidar zurfafawa a fanni guda, kamar tiyata ko cututtukan yara ko na mata da haihuwa, amma likitancin kansa sun daɗe da samu. Ɗalibi yakan yi shekara 6 a jami'a kafin ya samu digirin likita. Daga nan Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya takan ba shi rajista ta wucin gadi, ya yi shekara guda a matsayin hawus ofisa, yana zagaya sassa huɗu: cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Sai ya kammala wannan ne ake ba shi cikakkiyar rajista, sannan ya tafi hidimar ƙasa. Wanda ya zaɓi zurfafawa sai ya ci jarrabawar share fage, ya shiga asibitin da aka amince ya horar, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko na Barau Dikko da ke cikin garin Kaduna, a fara kiransa rajistara. Idan ya ci jarrabawar kashi na ɗaya ta Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko ta ɗaya daga cikin kwalejojin Afirka ta Yamma, sai ya zama babban rajistara, kuma kashi na biyu ne ke buɗe masa ƙofar zama kwansaltan. Idan aka haɗa lissafin, babban rajistara ya haura shekara goma da shiga makarantar likita, kuma likitar da muka raina a daren nan a wannan mataki take.

Gyaran wannan kuskure ba ya buƙatar mutum ya haddace duk matakan nan. Ya isa mai jinya ya yi tambaya cikin ladabi: “Likita, wane sashe kake, kuma wane ne shugaban da ke kula da majinyacinmu?” A asibitin koyarwa kowane majinyaci ana kwantar da shi ne ƙarƙashin sunan wani kwansaltan, wanda alhakin ƙarshe yake wuyansa ko da ba a gan shi a gefen gado kullum ba. Likitocin da ke ƙasa da shi suna kai masa rahoto, suna neman shawararsa a kan abin da ya yi tsauri, shi kuma yana da ranakun da yake zagayen duba marasa lafiya. Wanda ya san ranar zagayen zai tanadi tambayoyinsa, maimakon ya hana a taɓa mara lafiya da tsakar dare yana jiran wanda ba lokacin zuwansa ba ne.

Ba mu kaɗai ne suna ya ruɗa ba. A Birtaniya an daɗe ana kiran irin waɗannan likitoci da sunan da ke nufin ƙananan likitoci, har ƙungiyar likitocin ƙasar ta daina amfani da shi a watan Satumba na 2024, saboda jama'a suna ɗaukarsu ɗalibai alhali wasunsu sun yi shekaru da yawa suna aiki. A nan gida kuwa, duk lokacin da ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta ƙasa ta shiga yajin aiki sai a ji mutane suna mamakin yadda tafiyar “masu koyo” take tsayar da asibiti cak. Ai su ne masu kwana a ɗakin gaggawa, su ne masu karɓar haihuwar da ta zo da gardama, kuma su ne ke ganin mafi yawan masu zuwa layin ganin likita.

Akwai kuskure na biyu wanda yake kishiyar na farko, kuma a ganina haɗarinsa ya fi yawa: ɗaukar duk mai farar riga a matsayin likita. A asibitin koyarwa akwai ɗalibai na gaske waɗanda ba su da ikon rubuta magani, akwai ma'aikatan ɗakin gwaji, akwai masu harhaɗa magunguna, kowa da aikinsa mai muhimmanci amma da iyakarsa. A unguwanni kuma mun saba kiran mai kemis “Dakta”, har ya kai ga wasu suna karɓar allura da ƙarin ruwa a bayan kanti. Abin da ya fi damuna shi ne yadda jinsi yake shiga cikin wannan ruɗani, domin namiji ma'aikacin jinya sau da yawa “likita” ake ce masa, mace likita kuwa “nas” ko “sista”, kamar yadda yayana ya yi. Wannan yana tauye likitar, yana kuma rage wa aikin jinya darajarsa, tamkar dai sunan da ake ba duk macen da aka gani a asibiti ne. Maganinsa a duba katin shaidar da ke rataye a wuya ko a ƙirji, idan babu kuma a tambaya. Majinyaci yana da haƙƙin sanin wanda yake duba shi, kuma yana iya cewa bai amince ɗalibi ya duba shi ba.

Kalmar rajistara ma takan sa wasu zaton ma'aikacin yankan kati ake nufi, alhali likita ne cikakke.

Sai kuma likitan da ake kira medikal ofisa, wanda ya samu cikakkiyar rajista amma bai shiga horon zurfafawa ba. Kuskure ne a ɗauka ya gaza. A manyan asibitocin jiha irin na Saminaka da Birnin Gwari, galibi irinsa ne ke riƙe da aiki, kuma wanda ya shekara goma sha biyar a wurin ya ga nau'in cututtukan yankin fiye da yadda takarda za ta nuna. Idan ya ce a tafi Shika, ya san iyakar kayan aikin da ke hannunsa ne, don haka a karɓi takardar turawa a riƙe ta da kyau, domin ita ce za ta gaya wa likitan gaba abin da aka riga aka yi.

Su ma likitocin suna da nasu kason. Da yawa sukan zo gefen gado su buɗe fayil, su yi magana da juna da Turanci, su wuce ba tare da sun faɗi ko su wane ne ba, sannan su ji zafi idan an kira su yara. Tsohuwar da aka kawo daga Rigasa ko Kawo ba ta da hanyar sanin bambancin hawus ofisa da babban rajistara sai an gaya mata. Jimla biyu sun wadatar: “Mama, sannu da jiki. Ni ce likitar da za ta riƙa duba ki a wannan ɗaki, akwai kuma shugabanmu da zai zo ranar Talata, duk abin da muka gani muna sanar da shi.” Shi kuma sabon likita da ke shekararsa ta farko, idan aka yi masa tambayar da ta fi ƙarfinsa, ya ce zai tuntuɓi na gaba da shi ya dawo da amsa, sannan ya tabbatar ya dawo ɗin kafin ya tashi daga aiki.