Yadda ake haɗa na'urar gano yoyon iska a motar turbo

Idan motar turbo ta rage ja, tana zuƙar mai, tana fitar da baƙin hayaƙi, ko kwamfutarta ta nuna lambar P0299 (alamar ƙarancin matsin iskar turbo), kada ka yi saurin yanke wa turbon hukunci. Sau da yawa iskar da ya matso ce ke sulalewa ta wani tiyo kafin ta isa injin. Irin wannan yoyo ba ya bayyana sai ana taka totur, lokacin da ƙarar injin ta danne komai. Dabarar ita ce a kashe injin, a hura wa hanyar iskar da kwampreso, a kasa kunne.

Za ka nemi murfin bututun PVC mai kauri wanda faɗinsa ya yi daidai da bakin turbo, da bawul ɗin taya, da guntun tiyo na silikon, da kilif biyu masu ƙarfi, sai kwampreso mai geji da abin daidaita ƙarfin iska.

Da farko ka auna bakin turbon kafin ka sayi komai. Ka huda tsakiyar murfin, rami mai faɗin milimita 11.5, ka zura bawul ɗin daga ciki ka jawo shi har ya zauna daram. Ka goge gefen murfin da takardar yashi don kada ya yi santsi, sannan ka sa shi cikin tiyon ka ɗaure.

Bari injin ya huce. Cire bututun da ya taho daga filtar iska, ka goge maiƙon da ke bakin turbo, ka ɗaura na'urar a wurin. Toshe tiyon numfashin injin da ke haɗe da hanyar iskar, kuma ka buɗe murfin baƙin mai. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali shi ke hana iska taruwa a cikin injin ta ɓalle robobin da ke riƙe mai.

Haɗa kwampreso da bawul ɗin taya ka fara hurawa a hankali, psi 5 kawai (psi ma'aunin ƙarfin iska ne a jikin geji). Babban yoyo a nan ma zai tona kansa. Idan shiru, ƙara zuwa 10 ko 15, amma kada ka wuce ƙarfin da motar ke bayarwa a kan hanya. Kada kuma ka tsaya saitin murfin PVC ɗin, domin idan ya kuɓuce fita yake yi kamar harsashi.

Yanzu fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa: bakunan tiyo, da gefunan intakula (mai sanyaya iskar da turbo ya matso) inda roba ta haɗu da ƙarfe, da bawul ɗin da ke sakin rarar iska, da bakin totur inda iska ke shiga injin, da ƙananan tiyoyin nan da ido ke rainawa. Inda kumfa ta tashi, nan ne. Ka lanƙwasa kowane tiyo da hannu, saboda wata tsagar ba ta buɗewa sai an motsa ta.

Gejin zai riƙa sauka sannu a hankali ko da komai lafiya, tunda iska na bi ta bawulolin injin. Idan ka ji tana fita da yawa ta salansa, juya injin kaɗan da sifana ka sake gwadawa. Faɗuwar geji cikin ƙiftawar ido ce abin damuwa.

Bayan kowane gyara ka sake hurawa, domin babban yoyo kan ɓoye ƙanana. Kafin ka tayar da motar, saki iskar, cire na'urar da duk abin da ka toshe, ka mayar da murfin baƙin mai.