Yadda Ake Tsara Siton Bayan Gida Ya Zama Ƙaramin Situdiyon Ɗaukar Murya

Ɗan siton nan na bayan gida da ake jibge tsofaffin kujeru da buhuna a ciki yana iya zama wurin ɗaukar waƙa, karatu ko shirin rediyo, muddin an tsara cikinsa tun kafin a kira magini da kafinta. Yawancin asarar kuɗin da ake tafkawa a irin wannan aiki tana zuwa ne daga sayen kaya alhali ba a san inda za a aje su ba.

Da farko a kwashe komai, a share, sannan a duba kwanon rufi ko yana yoyo, a duba gindin bango ko yana tsatsafo da danshi, a kuma ƙwanƙwasa katakan rufin don gudun gara. Bayan haka a ɗauki tef a auna tsawo, faɗi da tsayi daga ciki. A tuna cewa abin da za a lulluɓe bango da shi yana cin wuri: idan kaurinsa ya kai inci 3 a kowane gefe, ɗaki mai faɗin ƙafa 8 ya koma ƙafa 7 da rabi ke nan.

Abin da ya kamata a fara tsayarwa shi ne mazaunin mai aiki, domin a kansa ne sauran tsarin yake ratayuwa. A ɗaki mai ƙafa 8 da ƙafa 12, tebur ya fuskanci gajeren bango, yadda sautin lasifika zai bi tsawon ɗakin. Kujera ta kasance daidai tsakiya tsakanin bangon dama da na hagu, amma kada ta kai tsakiyar tsawon ɗakin, domin a nan ne sauti mai kauri yakan yaudari kunne, har mutum ya ƙara shi fiye da kima. Masu haɗa sauti sukan fara gwaji da kimanin kashi 38 cikin 100 na tsawon, wato wajen ƙafa 4 da rabi daga bangon gaba. Lasifika biyun da kan mai zama su kasance da tazara ɗaya a tsakaninsu, kamar duwatsun murhu, kuma tsayinsu ya zo daidai kunne. Duk wannan a zana shi da alli a kan daɓe, a kawo kujera a zauna, a ja ta baya, a buɗe ƙyaure a gani ko zai bugi wani abu. Allin yana goguwa, simintin da ya bushe kuwa sai da guduma.

Akwai masu son yanka ɗakin biyu don su fitar da ɗan keɓaɓɓen wurin mawaƙi. A ganina, a ɗaki ƙarami irin wannan kuskure ne, domin muryar da aka ɗauka a ƙuntataccen akwati takan fito a toshe, ga zafi mai hana numfashi. Ya fi kyau a tsayar da makirufo a rabin ɗakin na baya, nesa da bango da lungu, a rataya labule mai nauyi a bayan mai magana.

Ya kamata a rarrabe tsakanin kashe amsa-kuwwa a ciki da hana ƙarar waje shigowa. Soso, kafet da labule suna rage amsa-kuwwa ne kawai, kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango kuwa ba ya tare kukan akuya balle ƙarar babur. Abin da ke tare ƙara shi ne nauyi da toshe kafa: bangon bulo mai inci 9, ƙyaure mai kauri, da roba a kewayensa. Kwano ba tare da silin ba yana hana aiki gaba ɗaya da zarar ruwa ya sauko, don haka a sa silin cikin lissafi tun farko.

Idan za a fasa sabuwar ƙofa ko taga, a guji bangon gabas in da hali, saboda a ƙasar Hausa daga can hadari yake tasowa, iskar hunturu mai ƙura kuma daga arewa maso gabas take kaɗowa. Ɗakin da aka toshe ko'ina kuma yana buƙatar hanyar shan iska, musamman a watan Afrilu da zafi kan kai digiri 40 a Kano da Sakkwato. A ware wa na'urar sanyaya ɗaki ko fanka wuri nesa da makirufo.

Sai an gama zanen allin ne za a kira mai wayarin, a nuna masa inda kowane soket zai zauna, a kuma nemi ya ja wa ɗakin layinsa daban da na firji da famfon ruwa, tare da wayar ƙasa mai kyau, domin rashinta yakan jawo gunji a cikin abin da aka ɗauka. Inbata da batir a ba su kusurwar da ke kusa da ƙofa, janareta kuwa a kai shi can nesa a fili, inda hayaƙinsa, wanda ke kisa ba tare da an ankara ba, ba zai biyo taga ko ƙarƙashin ƙyaure ba.