Yadda ake motsa jikin wanda ya daɗe da shanyewar ɓarin jiki ba tare da matsi ya ƙaru a cikin kansa ba

Babanmu shekara 3 kenan da samun shanyewar ɓarin jiki, kuma wallahi tausayi ne ya fara cutar da shi. Mun shimfiɗa masa katifa a falo, ruwa a miƙo, buta a kawo, ko yunƙurin tashi yayi sai kaji ana Baba zauna ka huta. Kafin wata shida ƙafar ta sandare, bayan gida sai da wahala, hawan jinin ma yaƙi sauka.

Abin da ya kamata ku fara sani, ƙoƙon kai rufaffe ne, baya buɗewa, kuma abu uku ne a ciki: ƙwaƙwalwa, jini, da ruwan da ke kewaye da ita wanda jiki ke samar da kusan rabin lita kullum yana kuma zuƙe shi. Da ɗaya ya ƙaru sai sauran su matsu. Wanda jijiya ta fashe masa a cikin kai jini ya zuba, hanyar ruwan nan tana iya toshewa ko da bayan watanni ne. Shi kuma zaman wuri ɗaya yana jawo hawan jini da ƙiba da taurin bayan gida, toh nishin da mutum keyi a banɗaki yana riƙe numfashi nan take yake ɗaga matsin cikin kai.

Ku fara da likitansa da masu fisiyo, wato ƙwararrun gashi da motsa jiki na asibiti, su faɗa muku iya abin da zai iya. Ku samu na'urar awon hawan jini a gida ku riƙa dubawa kafin a fara, in ta kai 180/110 a bar motsa jiki ranar a kira likita.

Sai kwanciya, a ɗaga kai da kafaɗu da filo kamar digiri 30, wuya a miƙe kada ya lanƙwashe, saboda jini ya samu saukowa.

Daga nan sai tashi da zama, nan ne aikin yake. A samu kujera mai tauri, banda kushin ɗin da mutum ke nutsewa a ciki, a jingina ta da bango. Ya matso bakin kujerar, ƙafafu biyu a ƙasa, ya ɗan sunkuyo gaba sannan ya miƙe, kai kuma ka tsaya ta ɓarin da ya shanye ka riƙe ƙugunsa. Dan Allah kada a ja shi ta hannun nan mara ƙarfi, kafaɗar tana iya gocewa kuma ciwonta baya jin magani da wuri. Mu Baba muna sa shi ya riƙa ƙirgawa da baki, ɗaya, biyu, uku, domin mai magana baya iya riƙe numfashi. Sau biyar ya isa a farko, kuma duk bayan rabin awa a tashe shi ko tsayuwa ce kawai yayi.

In tsayuwa ta zauna sai tafiya, minti 5 zuwa 10 a tsakar gida da safe ko bayan la'asar, da sanda da takalmi mai kama ƙafa ba silifa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 a sati take so ga manya, amma a hankali ake kaiwa can. In yana tafiya yana iya amsa maka hira, daidai ne, in haki ya hana shi magana a zauna.

Abinci kuwa a yawaita ruwa, zogale, alayyahu, gwanda da wake don ciki ya saki, a rage gishiri da dunƙule, maganin hawan jini kuma ba a fashinsa. In sujada tana tayar masa da ciwon kai ya yi sallarsa a zaune, ku kuma sanar da likita.

Amma fa ku sa ido sosai. Ciwon kai mai tsanani da asuba ko in ya kwanta, amai, ganin abu bibbiyu ko dishi-dishi, barcin da ya wuce kima, rikicewar tunani, ko tafiyar da ta fara kyau ta dawo baya fitsari na kufce masa, duk ba na farasitamol bane. A tsayar da komai a kai shi asibiti a ranar, a duba cikin idonsa a yi masa hoton kai na CT.